Shin Wayar Hannu Tana Yi wa Mai Ita Laɓe?

Zargin cewa wayar hannu tana sauraren hirar mutane ya ƙara ƙarfi tun watan Janairun 2025, lokacin da kamfanin Apple ya amince ya biya dala miliyan 95 kan ƙarar da aka shigar a Amurka cewa manhajarsa ta Siri tana naɗar magana ba da sanin masu ita ba. Kamfanin bai amsa laifi ba. A garuruwa irin su Jabo da Kebbe na jihar Sakkwato, inda wayoyin Tecno da Itel suka fi yawa a hannun jama'a, hujjar da ake kafawa ɗaya ce: manomi ya yi zancen injin ban-ruwa a majalisa da yamma, da dare sai ga tallar injin a Facebook.

A 2018 masana a jami'ar Northeastern ta Amurka sun gwada manhajojin Android sama da 17,000, ba su kama ko ɗaya tana satar murya ba, sai dai sun tarar wasu suna ɗaukar hoton fuskar waya suna turawa waje. Mai talla ba ya buƙatar kunne. Kowace waya tana da lambar talla tata, kuma a kanta ake tara abin da mutum ya bincika, bidiyon da ya daɗe yana kallo, wurin da yake kwana, da mutanen da ke cikin jerin lambobinsa. Da ya buɗe shafi, sai a yi gwanjon gurbin tallar cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Idan abokin hira ya nemi farashin injin jiya, ga shi kuma lokacin noman rani ya kama, lissafin ba shi da wuya.

Inda gizo ke saƙa shi ne wurin saita wayar. A karkara, sau da yawa mai shagon caji ko mai tura finafinai ne ke buɗe wa mutum imel da Facebook, shi ke zaɓar lambar sirri, shi ke danna amincewa ga duk abin da manhaja ta nema, da Turancin da mai wayar bai karanta ba. Ta wannan ƙofa manhajojin bashi suka riƙa kwashe lambobin dangi da surukai suna aika musu saƙon tozarci idan an makara biya, har Google ya hana su taɓa lambobi da hotuna a 2023. Wanda aka kira ɓarawo a gaban surukinsa kan bashin naira dubu goma ya ga illar da ta fi ta talla.

Doka dai akwai ta. An sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a a watan Yunin 2023, kuma a Yulin 2024 hukumar kare masu sayayya ta FCCPC ta ci kamfanin Meta, mai Facebook, tarar dala miliyan 220, har da laifin sarrafa bayanan 'yan Najeriya ba da yardarsu ba. Amma yardar da aka nema cikin harshen da mutum bai ji ba, sunanta kawai yarda. Ya kamata hukumar kare bayanai ta NDPC ta tilasta a riƙa neman izinin nan da Hausa, gidajen rediyon Sakkwato kuma su koya wa jama'a yadda ake shiga saitin waya a janye izinin makirfo, wuri da lambobi daga duk manhajar da ba ta da hurumi da su.