Majami'ar Konk: ginin da mutanen ƙauye suka riƙe

A kudancin Faransa, cikin jahar Aberon, akwai wani ƙaramin ƙauye ana ce da shi Konk. Yana manne ga gefen dutse, ƙasarsa ba ta da albarkar noma sosai. Amma a tsakiyarsa akwai majami'ar Kirista wadda ta kai shekara 900 tana tsaye.

Ga yadda abin ya faro. Wajen shekara ta 303 aka kashe wata yarinya mai suna Fwa a garin Ajan, don ta ƙi barin addininta. A ƙarni na 9, wani malamin Kirista na Konk ya sato ƙasusuwanta ya kawo ƙauyen. Sata ce, ba ta da wani suna. Amma daga nan masu ziyara suka dinga kwararowa, musamman masu tafiya Kompostela ta ƙasar Sipaniya a ƙafa. Tsohon ɗakin ya yi kaɗan. Wajen 1050 aka soma sabo, aka gama bayan 1100.

Magina ba su da siminti, ba su da inji. Dutse da farar ƙasa kawai. Rufin ciki na dutse ne, an lanƙwasa shi kamar bakan gizon soro, tsawonsa daga ƙasa metir 22. Irin wannan rufi yana tura bango waje. Don haka suka yi bene a dama da hagu, shi ke tokare shi. Suka kuma bar hanya ta kewaye wurin addu'a, baƙi su shiga ta nan su fita ta can, ba turereniya.

Abin kallo na bisa ƙofa. Yawancin mutanen lokacin ba su iya karatu ba. Sai aka sassaƙa musu wa'azi kan dutse: ranar hisabi, da siffofi 124. Ga mala'ika na awon ayyuka, ga shaiɗan ya sa yatsa yana danne ma'auni. Ga marowaci an rataye shi da jikkar kuɗinsa a wuya. Mai tsegumi ana zaro mishi harshe. Har akwai wani da zomo ke gasawa! Manomi ya ɗaga kai ya gane, ba sai an karanta mishi ba.

Ginin ya sha wuya. A 1568, lokacin yaƙin addini tsakanin Kiristoci, aka sa mishi wuta. Bayan juyin mulkin 1789, hukuma ta ce a kwashe zinariya da azurfar majami'u a narke. Mutanen Konk suka ƙi. Suka raba kayan tsakaninsu, har da mutum-mutumin Fwa mai rufin zinariya, kowa ya ɓoye nashi kaso. Talakawa ne, abin da ke hannun mutum guda ya isa ya canza mishi zama. Da ƙura ta lafa suka maido. Kayan na nan Konk har yau.

Sai dai riƙon amana bai toshe yoyo ba. Malaman sun watse, ƙauyen ba shi da ƙarfin gyara. Ruwa ya yi ta cin ginin. A 1837 wani ma'aikacin gwamnati mai duba tsofaffin gine-gine, Prosper Merime, ya iso ya tarar da shi yana gab da lalacewa. Ya rubuta rahoto, gwamnati ta fidda kuɗi, aka kama gyara. Malamai suka dawo a 1873.

A 1994 aka sa wa tagogi 104 sabon gilashi, aikin Piyer Sulaj, ɗan jahar. A 1998 UNESCO ta sa majami'ar cikin kayan tarihin duniya. Masu tafiya Kompostela a ƙafa suna yada zango Konk har yanzu.