Fitilar kashe ƙwayoyin cuta da iskar ɗakin kwana

Ƴan'uwa manoma na ƙasar Magarya da Dungas, an kai gero da dawa rumbu, hunturu ya kawo kai. Yanzu ne ake toshe taga da tsumma, a saki asabari, a shigo da kaskon wuta, mutum bakwai ko takwas su kwana ɗaki guda. Yanzu ne kuma tari da ƙyanda da sanƙarau suke samun hanya. Ba a manta ba, daga 1 ga Nuwamba 2022 zuwa 27 ga Janairu 2023 sanƙarau ya kama mutum 559 a jihar Damagaram, 18 suka rasu. Dungas ce ta fi jin jiki, da mutum 342.

To, akwai wata fitila da ake cewa tana tsarkake iskar ɗaki. Kafin wani ya sayar da akuyarsa ya saye ta, ga bayaninta.

A cikin hasken rana akwai wani haske da ido ba ya gani, masana suna kiransa UV. Tun 1877 wasu Turawan Ingila biyu, Downes da Blunt, suka gano cewa rana tana kashe ƙwayoyin cuta. Kashi mafi ƙarfi na wannan haske, wato UV-C, ba ya sauko mana ƙasa, a can sama ake tare shi. Shi ne aka ƙera wa fitila. In ya bugi ƙwayar cuta sai ya lalata cikinta, ta kasa hayayyafa. Daga 1937 wani masani a Amurka, William Wells, ya sa irin wannan fitila a ɗakunan karatun yara, aka ga ƙyanda ta rage yaɗuwa a cikinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta yarda a yi aiki da ita a gidajen likita saboda tarin fuka.

Amma ku lura da yadda ake kafa ta. Sama ake maƙala ta, fiye da mita 2 daga ƙasa, a kare ta yadda haskenta zai bi ta saman kawunan mutane. Iska mai ɗumi da aka numfasa tana tashi sama, haske ya kashe abin da ke ciki. Ɗakin da rufinsa bai kai kusan mita 2 da rabi ba bai dace da ita ba, ga shi kuwa sorayenmu da yawa gajeru ne. In hasken ya sami ido, bayan ƴan sa'o'i mutum zai ji kamar an zuba masa yashi, irin na wanda ya kalli wutar mai walda. Yana ƙona fata kuma. Tana bukatar lantarki dare da rana, da mai auna ƙarfinta, don kwan yakan raunana alhali yana ci. Ba ta ɗauke ƙura, ba ta ɗauke hayaƙi. Ita kuwa ƴar fitilar nan mai shuɗin haske da ƴan canji ke duba jabun kuɗi da ita, wata aba ce dabam, ba ta wannan aiki.

Abin da ya fi wa gidan manomi shi ne a musanya iskar ɗaki. Da hantsi a naɗe asabari, a zare tsumman taga, iska ta shiga nan ta fita can. Mai sabon gini ya bar taga biyu masu kallon juna. A fitar da tabarmi da barguna a shanya a rana. Kada a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki, iskarsa tana kisa ba tare da wari ba. Mai tarin da ya wuce sati biyu ya je likita a auna majinarsa, kafin nan ya kwana dabam da yara.

Sanƙarau kuwa daga bakin wani zuwa hancin na kusa da shi yake bi, fitilar da ke can sama ba ta isa ta tare shi ba. Allurar rigakafi ce maganinsa, in an yi shela ku kai iyali duka. Yaron da ya yi zazzaɓi mai zafi da ciwon kai, wuya ya sanƙare, ko jaririn da maɗigarsa ta kumbura, a ɗaura amalanke a kai shi likita nan take, ko da tsakar dare ne.