Samanja Chari Maigumeri: Sojan Da Jamus Da Ingila Suka Yi Wa Lambar Jaruntaka

Duk wanda ya tsaya a unguwar Nassarawo ta garin Mubi ya dubi duwatsun da ke gabas, da wuya ya tuna cewa wannan ƙasa ta taɓa zama a ƙarƙashin tutar Jamus. Amma haka abin yake. Kafin 1914 Mubi tana cikin Kamaru ta Jamus ne, Yola kuwa tana hannun Turawan Ingila, wato an raba ƙasar Lamido gida biyu. Sai a 1961, bayan ƙuri'ar raba gardama, Mubi ta shigo Nijeriya. A wannan yanki ne wani saurayi mutumin Barno, Chari Maigumeri, ya fara jin ƙarar harsashi.

Ya shiga sojan Jamus a 1913, yana ɗan shekara goma sha shida. Ko shekara biyu bai yi ba aka soma Yaƙin Duniya na Farko. A ƙarshen watan Agusta na 1914 sojojin Nijeriya suka taso daga Yola don su ci Garwa, garin da ke bakin Binuwai kudu da Mubi, inda Jamusawa suka haƙa ramuka suka kafa bindigogi masu ruwa. Ba a sha da daɗi ba. Aka kashe shugaban rundunar, Laftanan Kanar Maclear, sauran suka koma Yola. Sai da Kanar Cunliffe ya dawo tare da sojan Faransa da manyan igwa, aka yi kwanaki ana ruwan wuta, sa'an nan Garwa ta miƙa wuya ran 10 ga Yuni, 1915. Chari yana cikin waɗanda aka kama. Littattafan tarihin soja sun rubuta cewa kafin nan Jamusawa sun ba shi lambarsu ta Iron Cross saboda ƙwazon da ya nuna a gaban sojan Ingila.

A nan labarin ya juya. A 1917 wanda aka kama jiya ya sa kakin waɗanda suka kama shi, ya tafi Afirka ta Gabas yana yaƙar Jamusawan da suka koya masa riƙon bindiga. Mai karatu na yau zai iya cewa wannan ai cin amana ne. To, amma yaƙin ba na Barno ba ne, ba kuma na Adamawa ba. Rigimar Turawa ce aka kawo ƙofar gidan talakawa. Soja sana'a ce a wurin irinsu Chari, kuma ya riƙe ta da gaske, har ya kai muƙamin Samanjan bataliya.

Wannan muƙami ba ƙarami ba ne a wancan zamani. Hafsoshi duka Turawa ne, da yawansu baƙi, masu zuwa su yi 'yan shekaru su tafi. Hausa ce harshen bariki. Samanja shi ya san kurtu ɗaya ɗaya, ya san wanda zai tsaya da wanda gwiwarsa za ta yi sanyi, kuma in wuta ta buɗe shi ake duba. In ya durƙusa kowa ya durƙusa, in ya miƙe kowa ya miƙe.

Da Yaƙin Hitila ya zo, Chari ya riga ya haura shekara arba'in. Duk da haka ya tafi. A 1941 sojojin Nijeriya suka ratsa daga Kenya, suka shiga Mogadishu a watan Fabrairu, suka kori sojan Italiya har cikin Habasha. A wannan yaƙi aka ba shi Military Medal. Daga can sai Bama, inda aka gwabza da Japan cikin kurmi da damina mai tsanani, aka ambaci sunansa cikin rahoton jarumai, aka ƙara masa lambar British Empire Medal.

Akwai abin lura game da lambar ta Habasha. A wancan zamani Military Medal ta ƙananan soja ce. Hafsa in ya yi irin wannan jaruntaka Military Cross ake ba shi. Harsashi dai bai san bambancin ba. Amma ƙofar zama hafsa a rufe take ga 'yan ƙasa har ƙarshen shekarun 1940, saboda haka mutumin da ya fi yawancin shugabanninsa sanin yaƙi ya ƙare aikinsa yana sara wa samarin da ya girme su.

A 1953 ya je Landan bikin naɗin Sarauniya Elizabeth, a shekarar kuma ya yi ritaya, aka ba shi muƙamin Kyaftin na girmamawa, bayan shekara arba'in da fara ɗaukar bindiga. Barikin soja na Lakwaja da sunansa ake kiransa.