Neman Suna da Alamar Tauraro

Kowa a cikinmu ya san shafukan nan da akan sa a ƙarshen littafi, inda aka jera kalmomi bi da bi, kowace da lambar shafin da ta fito. Sunansu fihirisa. To, injin bincike na kwamfuta ma da irin wannan jeri yake aiki. Sa'ad da ka rubuta masa kalma, ba ya tashi ya karanta dukan takardun da ke wurinsa, gama da sai gari ya waye bai ƙare ba. Ya riga ya jera kalmomin tun da wuri, sai ya leƙa jerin kawai.

Akwai wani inji mai suna Elasticsearch, wanda Shay Banon ya fitar a 2010. Shi yana iya riƙe fihirisa ɗari ko fiye, kowace da sunanta. A ce wata makaranta ta ajiye rajistarta a ciki, ta kowace shekara dabam: rajista-2022, rajista-2023, rajista-2024. In magatakarda ya san wadda yake so, sai ya kira ta da cikakken suna. In kuwa dukansu yake bukata, ko ƙarshen sunan ya kwanta masa, sai ya rubuta rajista-* kurum. Ma'anar tauraron nan ita ce, ko mene ne ya biyo baya, a kawo shi.

Ba a sunan fihirisa kaɗai tauraro yake aiki ba. Ɗakunan karatu da yawa sun yarda a sa shi cikin kalmar da ake nema, kuma a ganina mu nan Maiduguri mun fi kowa bukatarsa, don sunan ƙasarmu ba rubutu ɗaya ke gare shi ba. Denham, Baturen da ya zo Kukawa a 1823, Bornou ya rubuta. Littafin da Palmer ya buga a 1936, Bornu ke bisa bangonsa. Jihar da aka yi a 1976 kuwa Borno ce. Ɗalibin da aka ba shi darasin Shehu Laminu, in Borno kaɗai ya nema, tsofaffin littattafai suna iya wuce shi, ya tsaya gaban aji da rabin labari. Amma in ya rubuta Born* duka ukun za su zo masa.

Sai dai za su zo da baƙi. Tsibirin Borneo zai shigo, haka ma kalmar Turanci ta haihuwa, ita kuwa yawanta ya fi ƙarfin magana. Barno, yadda Bahaushe yake faɗi, ba za ta fito ba sam, gama harafinta na biyu dabam ne. In ka ce bari ka faɗaɗa tarun, ka rubuta B*rn*, to, ka kama Barno, ka kuma kama Birnin Kebbi da Birnin Kudu. (Birnin Gazargamu ma zai faɗo, amma wannan sa'a ce, ba wayon inji ba.) Dabarar ita ce ka rubuta haruffan da ka tabbata ba su sākewa, ka bar wa tauraro wurin shakka kaɗai.

Akwai kuma inda tauraro ba shi da magani. A ajin da nake gwajin koyarwa akwai Muhammadu, akwai Mohammed, akwai Modu da Mamman, asalin sunansu ɗaya. M*h*m* zai kawo biyu na fari, ya bar sauran. Haka Yerwa, inda Shehu Garbai ya zauna a 1907: ba inda za ka sa tauraro cikin Maiduguri ya fito maka da ita. Haruffa yake gwadawa, bai san tarihi ba. A cikin Elasticsearch ana iya yi wa fihirisa laƙabi ta amsa suna biyu, amma mutum ne zai zauna ya ɗaura laƙabin.

Kada a fara kalma da tauraro in ba dole ba. Ka ɗauki ƙamus na Bargery, ka ce za ka nemo dukan kalmomin da suka ƙare da "nci", ka ga sai ka bi shi shafi shafi. Injin ma wahalar da yake sha ke nan. A Google kuwa tauraro yana tsaya wa kalma guda ne cikin jimla, ba gutsuren kalma ba.

Wanda aka ba shi riƙon irin wannan inji ya yi hankali ƙwarai wajen sharewa. Tauraron da ya tara rajistar dukan shekaru don a duba, haka zai tara su don a share. Saboda wannan, tun daga fitowa ta 8, a 2022, Elasticsearch ba ya karɓar umarnin share fihirisa da tauraro, sai an faɗi cikakken suna, in dai ba mai riƙon injin ne ya buɗe wannan ƙofa da hannunsa ba.