Daga Zebilla zuwa bakin teku: abin da ya kamata ka sani kafin ka je koyon su

Ga taƙaitaccen abin da muka tattauna a shirinmu na sana'o'i na wannan mako, don wanda bai samu saurare ba, ko a Zebilla yake, ko Bawku, ko can ƙetare a Zabre da Sinkase.

Kowace shekara da an gama girbi, ka san yadda tashar lori take cika da samari masu tafiya kudu cin rani. Wasu gonar koko, wasu haƙar zinariya, wasu dako a Kumasi. Akwai kuma waɗanda ake ce musu su zo bakin teku, wai akwai kuɗi a kamun kifi. Maganar ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Amma daga Zebilla zuwa Tema tafiyar sama da kilomita 800 ce, kuma wanda ya je bai san sharaɗin aikin ba, dawowa ma kan gagare shi. To, bari mu bi abin daki-daki.

Teku daban, kogi daban

Wataƙila ka taɓa jefa koma a Farin Volta, ko ka kama tarwaɗa bayan an saki ruwan madatsar Bagre. Wannan zai taimake ka kaɗan, don hannunka ya san taru. Sai dai a kogi kana ganin gaɓa. A teku sai ku yi sa'o'i kuna tafiya, ba tudu ba bishiya, ga raƙuman ruwa suna ɗaga jirgi suna saukewa. Makon farko kusan kowane baƙo sai ya sha jiri da amai. In ba ka iya iyo ba, ka fara koyonsa kafin komai, domin wuri mafi haɗari ga kwalekwale shi ne bakin gaɓa inda ruwa ke karyewa, lokacin fita da lokacin dawowa.

Gaɓar tekun Ghana ta kai kusan kilomita 550, kuma hanyar shiga sana'ar iri biyu ce: ta kwalekwale da ta babban jirgi.

Hanya ta farko: kwalekwale

Mafi yawan masuntan Ghana a nan suke, Fante da Ga da Ewe, a wurare kamar Elmina, Sekondi, Chorkor, James Town da Tema Newtown. Kwalekwalen ana sassaƙa shi daga itacen wawa, a ƙara masa katako, a ɗaura masa injin baya, galibi mai ƙarfin doki 40. Babba yakan ɗauki mutum goma sha biyar zuwa ashirin, har fiye.

A nan babu aji babu allo. Wani wanda aka sani zai kai ka wurin mai kwalekwale ko shugaban ma'aikatan, wanda suke kira bosun. Aikinka na farko kwarfe ruwa daga cikin jirgi, ɗaukar jarkar mai, jan igiya da wanke wuri. Daga nan ka koyi ɗinkin taru da ƙulle-ƙullen igiya. Sannu a hankali sai ka gane yadda ake gano garken kifi daga launin ruwa da shawagin tsuntsaye, da yadda ake zagaye shi da babban tarun nan a tsuke gindinsa kamar bakin jaka. Wanda ya nuna ƙwazo akan ba shi riƙon inji, kuma mai inji da bosun rabonsu ya fi na sauran.

Ka lura da kalmar nan, rabo. A kwalekwale ba albashi ake biya ba. In an sayar da kifi, a fara cire kuɗin man firimis da abinci, abin da ya rage a raba tsakanin mai jirgi da ma'aikata, a wurare da yawa rabi da rabi, sannan ma'aikata su raba nasu. Ranar da ba a kama komai ba, ba ka da ko pesuwa. Wasu ma ba sa rabo sai ƙarshen kaka, a cire duk abin da ka ranta. Don haka tun ranar farko ka tambaya: kaso nawa ne na ɗan koyo, yaushe ake rabo, wa ke riƙe da lissafi? A yi maganar a gaban shaidu. Kowace gaɓa tana da sarkin masunta da ke sasanta rigima, kuma zangon garin yana da sarki da liman. Ka gabatar da kanka gare su. Matambayi ba ya ɓata.

Ka san lokaci kuma. Babbar kakar kifin amani, wanda matanmu ke saye busasshe a kasuwar Bawku su zuba a miya, tana faɗowa ne daga Yuli zuwa Satumba, lokacin da ruwan sanyi ke tasowa daga ƙarƙashin teku. Ka ga ke nan ta ci karo da damina, lokacin da gona ke neman ka a gida. Mai zuwa da rani kawai yakan tarar da ƙaramar kaka ce, ta wajen Disamba zuwa Janairu. Kuma a garuruwa da yawa ba a fita teku ranar Talata, ranar gyaran taru ce.

Hanya ta biyu: babban jirgi

Jiragen jan taru da na kifin tuna suna tashi ne daga Tema da yankin Sekondi da Takoradi, su yi makonni ba su dawo ba. Tuna ɗin nan shi ake sa wa a gwangwani a masana'antun Tema a kai Turai. A nan akwai albashi, amma sai da takarda.

Kana bukatar shaidar likita cewa lafiyarka ƙalau, har da gani da ji. Kana bukatar horon kare kai na farko: yadda ake tsira in jirgi ya nutse, kashe gobara, agajin gaggawa, da ƙa'idar zama da aiki cikin jirgi. Ana yin wannan horo a Jami'ar Nazarin Harkokin Teku da ke Nungua, tsakanin Accra da Tema, wadda ta faro a 1958 a matsayin kwalejin ma'aikatan jirgin ruwa ta zama jami'a a 2007. Sannan akwai littafin shaidar ma'aikacin jirgi, wanda Hukumar Kula da Harkokin Teku ta Ghana ke bayarwa. A cikinsa ake rubuta kowace tafiya da ka yi, kuma da shi za ka nemi ƙarin girma daga baya. Ka je ofishin da ƙafarka. Duk wanda ya ce ka turo masa kuɗi ta waya zai kawo maka littafin har Zebilla, ka riƙe kuɗinka.

Kafin ka hau jirgi, ka nemi yarjejeniya a rubuce: nawa ne albashi, kwana nawa tafiyar, wa zai biya magani in ka ji rauni. In ba ka karatun Turanci, ka sa wanda ka yarda da shi ya karanta maka, ka bar kwafi a gida. Ka duba ko akwai rigar ceto taka ta kanka da wurin kwana. Kada ka miƙa wa kowa katin Ghana ko fasfonka ya riƙe. Ma'aikata da dama sun koka da duka, rashin barci da abinci marar kyau a wasu jiragen jan taru. A watan Yulin 2019 wani jami'in sa ido na gwamnati, Emmanuel Essien, ya ɓace daga irin wannan jirgi yana bakin aiki. In haka ta faru da ma'aikacin hukuma, ka auna matsayin baƙon da ba wanda ya san sunan jirgin da ya hau.

Maganar yara

Iyaye, wannan taku ce. Dokar yara ta Ghana ta 1998 ta yarda yaro ya fara koyon sana'a daga shekara 15, amma ta sa fita teku cikin ayyuka masu haɗari, waɗanda sai mai shekara 18. Mun san abin da ya faru a tafkin Volta, wajen Yeji da Kete Krachi, kudu da Salaga: a ba iyaye 'yan kuɗi, a ce za a koya wa yaro sana'a, ƙarshe ya zama mai nutso yana kwance tarun da ya maƙale a kututturan ƙarƙashin ruwa. Wasu ba su fito ba. Dokar hana fataucin mutane ta 2005 ba ta ƙyale uban da ya ba da ɗansa ba.

Kifin na raguwa

Wannan ma sai ka sa a lissafi. Kamun amani ya faɗi ƙwarai idan aka kwatanta da shekarun 1990, saboda yawan jirage, su da fitila cikin dare, taru mai ƙananan idanu, da cinikin saiko, wato manyan jirage su kama ƙananan kifi su sayar wa kwalekwale a tsakiyar teku. Tarayyar Turai ta ba Ghana katin gargaɗi a 2013, ta sake ba ta a 2021. Shi ya sa ake rufe wa jiragen jan taru teku a Yuli da Agusta. In ubangidanka ya sa ka su da fitila ko guba ko nakiya, laifi ne, kuma in an kama har da kai.

Saboda haka shawararmu, kada ka tsaya ga jan igiya kawai. Ka maƙale wa mai gyaran inji, ko mai kula da injin ƙanƙara, ko mai walda. Wanda ya iya kwance injin baya ya mayar, zai ci abinci a Elmina, zai ci a Makango da Buipe, kuma in ya dawo gida injin ban ruwa na masu albasa a bakin Farin Volta yana jiransa.

A shiri na gaba za mu duba kiwon tarwaɗa a kududdufin gida. Allah ya ba kowa abin yi na halal, ya kai matafiya lafiya ya dawo da su lafiya.