Haraji da Doka a Kan Masu Gidajen Haya: Wa Ke Ɗaukar Nauyin?

Hanya biyu gwamnati ke bi idan za ta taɓa mai gidan haya: ko ta karɓi haraji daga abin da gidan ke kawo masa, ko ta kafa masa dokar yadda zai yi mu'amala da ɗan haya. A rubuce, duka biyun a kan mai gida suke hawa. A aikace kuwa, yanayin kasuwa ne ke nuna wanda zai ɗauki nauyin. Inda gidaje suka yi yawa, masu nema suka yi kaɗan, mai gida kan haɗiye harajin don kada gidansa ya zauna babu kowa. Inda mutum goma ke bin ɗaki da falo ɗaya, kamar yadda ake gani a Legas da Abuja da wasu unguwannin Kano, sai ya ɗora harajin a kan kuɗin haya, ɗan haya ya biya ko ya kwashe kayansa.

A Najeriya kuɗin haya kuɗin shiga ne da doka ta ce a biya masa haraji, kuma idan kamfani ne ke haya, yakan cire kashi 10 cikin ɗari ya miƙa wa hukuma tun kafin kuɗin ya kai hannun mai gida. Akwai kuma harajin kan sarki da ake biya a kan takardar yarjejeniya. A watan Yulin 2020 hukumar tara haraji ta tarayya ta umarci masu gidaje da dillalai su riƙa karɓar kashi 6 cikin ɗari. Ƙungiyar ƙwadago ta yi ca, domin kowa ya san aljihun da kuɗin zai fito. Daga baya hukumar ta fayyace cewa kashi 6 na yarjejeniyar da ta haura shekara 21 ne, yayin da hayar ƙasa da shekara bakwai kashi 0.78 kawai za ta biya. Makamancin haka ya faru a Legas a 2018, lokacin da gwamnatin Akinwunmi Ambode ta ƙara harajin filaye da gine-gine: an yi zanga-zanga, an rage kuɗin, sannan gwamnatin Babajide Sanwo-Olu ta sake dokar a 2020.

Sabuwar dokar haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025 ta biyo ta ɓangaren ɗan haya. Ta ba shi damar cire kashi 20 cikin ɗari na hayarsa ta shekara, iyakarsa naira dubu 500, daga kuɗin shigar da za a lissafa masa haraji. Sharaɗin shi ne ya bayyana ainihin abin da ya biya. Wannan sharaɗi ya fi rangwamen kansa muhimmanci, domin duk ɗan hayar da ya kai rasit ya nuna wa hukuma abin da mai gidansa ke samu. Sai dai ma'aikacin da ke cikin rajistar haraji ne zai amfana. Mai shayi da ɗan acaba da ke biyan haya hannu da hannu ba su ciki.

Ta fuskar doka, misalin da ya fi fitowa fili shi ne Dokar Haya ta Jihar Legas ta 2011, zamanin Gwamna Babatunde Fashola. Ta haramta karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, ko fiye da na wata shida daga wanda ke zaune yana biya wata-wata. Hukuncin shi ne tarar naira dubu 100 ko ɗaurin wata uku, kuma ya hau kan mai bayarwa kamar yadda ya hau kan mai karɓa. Ta wajabta ba da rasit. Ta tsara notis: wata ɗaya ga mai biya wata-wata, wata shida ga mai biyan shekara, sannan ƙarin kwana bakwai kafin a je kotu. Ta mai da kora da ƙarfi laifi, irin wadda ake kwance ƙofa ko a yaye kwanon ɗaki a kan iyali suna ciki. Har ta ba ɗan haya damar kai ƙara idan ƙarin kuɗin da aka yi masa ya wuce hankali. A cikin unguwannin Legas, Ikoyi da Victoria Island da Apapa da Ikeja GRA ne kawai ta tsame.

Dokar tana da kyau, amma ƙarancin gidaje ya rinjaye ta. Mutumin da ya yi wata biyu yana yawo bayan dillali, aka ce masa shekara biyu ake so, ba kotu zai nufa ba. Bashi zai ci ya biya, tunda akwai wani a bayansa da kuɗi a hannu. Inda aka ji tsoron dokar kuma, sai kuɗin ya sauya suna: la'adar dillali, kuɗin lauya, kuɗin ajiya saboda ɓarna, kuɗin hidimar gida. Ghana ta daɗe da sanin yadda ƙarancin gidaje ke rinjayar doka. Dokarta ta haya ta 1963 ta taƙaita kuɗin gaba zuwa wata shida, amma mazauna Nima a Akara da unguwannin zango a Kumasi sun san cewa shekara ɗaya ko biyu ake nema.

Ƙayyade farashi shi ne matakin da ya fi farin jini, kuma shi ya fi haɗari. Birnin San Faransisko na Amurka ya faɗaɗa dokar ƙayyade haya a 1994 zuwa ƙananan gidajen da aka gina kafin 1980. Masana tattalin arziki na Jami'ar Stanford sun bi diddigin abin da ya biyo baya. Waɗanda dokar ta samu a cikin gidajensu sun amfana, sun daɗe a unguwanninsu. Amma masu gidajen da ta shafa sun rage gidajen hayarsu da kashi 15 cikin ɗari, wasu suka sayar, wasu suka rushe suka sake gini, kuma haya a birnin ta tashi da kusan kashi 5. A Balin ta Jamus ma an daskarar da haya a 2020, gidajen da ake tallatawa suka ragu, kafin kotun tsarin mulki ta soke dokar a Afrilun 2021. Irin wannan doka kan kare wanda ke ciki, ta rufe ƙofa ga ango da sabon ma'aikaci da baƙo.

Ba duk mai gida ne attajiri ba. Da yawa tsofaffin ma'aikata ne da suka zuba kuɗin sallama a ɗakuna huɗu, ko marayun da suka gaji gida suna ci daga hayarsa. Tun bayan cire tallafin mai da sakin naira a 2023 gyara ya yi musu tsada, har buhun siminti ya haura naira dubu 10 a wasu garuruwa a farkon 2024. Wanda ke son yin sabon gini kuma sai ya sha jiran takardar mallaka da amincewar gwamna, kamar yadda Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta tanada.

Dokokin da ke kare mutuncin ɗan haya, wato notis da rasit da hana kora da ƙarfi da iyakance la'ada, wajibi ne, kuma suna aiki idan akwai kotun da ke yanke hukunci cikin makonni. Haraji ma halal ne ga gwamnati, musamman a kan manyan gidajen da ke kulle shekara da shekaru a Maitama da Asokoro na Abuja. Amma kuɗin haya ba zai sauka ba sai jihohi sun yanka filaye, sun kai musu hanya da ruwa da wuta, sun kuma sauƙaƙa takardun gini.