Zaɓen Matsin Lantarki Ga Ƙananan Tiransisto Na Zamani

Muna gabatar da wannan bayani domin amfanin ɗaliban injiniya da masu harhaɗa kayan lantarki. Sanin kowa ne cewa tiransiston da ke cikin ƙwaƙwalwar wayar salula da kwamfuta sai ƙara ƙanƙancewa suke yi. Abin da ba kowa ke lura da shi ba shi ne, matsin wutar da ake ba su, wanda ake aunawa da bolt, shi ma dole ya ragu.

A da, bolt 5 aka saba da shi. Da aka zo fasahar nanomita 350 aka sauko zuwa bolt 3.3, a nanomita 180 kuwa bolt 1.8. Dalili na farko shi ne fatar da ke raba ƙofar tiransisto da jikinsa. A fasahar nanomita 90 ta kamfanin Intel, kaurinta bai wuce nanomita 1.2 ba, don haka matsi mai yawa yana cin ta a hankali har ta huje. Na biyu kuwa zafi ne: idan aka ninka matsin sau biyu, wutar da ake ƙonawa wajen kunnawa da kashewa tana ninkuwa sau huɗu.

To, me zai hana a yi ta ragewa? A shekarar 1974 Robert Dennard na kamfanin IBM ya nuna cewa girma da matsi suna iya raguwa tare. Wannan tsari ya cije a wajejen 2005. Kowane tiransisto yana da matsin da sai an kai shi yake buɗewa, kuma idan aka rage wannan ma'auni da yawa, wuta ta riƙa yoyo ke nan ko da yana rufe. Idan kuma aka bar shi yadda yake aka rage matsin da ake bayarwa, aiki zai yi nawa, ma'ajiyar bayanai ta fara kuskure. Shi ya sa raguwar ta yi sanyi tun daga bolt 1.

A ganinmu, mai ƙira ya fara da adadin da masana'anta ta ƙayyade wa fasahar, ya kuma bar sarari saboda zafi da faɗuwar matsi a kan layukan wuta. Haka zalika, ya raba wutar gida biyu: ƙaramin matsi ga tsakiyar ƙwaƙwalwar, sannan bolt 1.8 ko 3.3 ga tiransisto masu kaurin fata waɗanda ke hulɗa da na'urorin waje.